Wiwi a Kan Sitiyari, Tarar Naira Dubu Biyar

Duk wanda ya saba sammakon tasha ya san wannan. Ana cikin lodi direba zai ɓace bayan rumfa, ya dawo idanu jajur, yana fesa turare a riga. Fasinjoji su kalli juna, wata dattijuwa ta ce, "Direba, don Allah a tafi da mu a hankali." Iyakar binciken da za a yi masa ke nan har a isa Zariya.

Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ta haramta tuƙi cikin maye, na giya ko na ƙwaya. Amma tarar da ke rubuce a takardar laifuffukan hukumar naira 5,000 ce, kuɗin da bai kai na lita goma na fetur ba. Wannan shi ne farashin kasada da rayukan mota guda.

Ƙanƙantar tarar ma ba ita ta fi tayar mini da hankali ba. Na'urar da jami'ai ke miƙa wa direba ya hura, giya kaɗai take ganowa, an kuma sa mata iyaka, 0.05 a jini. Wanda ya zuƙi wiwi zai hura ya wuce sumul, alhali tabar ta riga ta rage masa saurin taka birki, ta dagula masa kintatar tazara tsakaninsa da tirelar da ke gabansa. Shi kuwa a ransa gani yake ya ƙara natsuwa, har yana cewa ita ke kore masa gajiya. Gwajin fitsari ma ba ya warware matsalar, domin yakan nuna alamar tabar kwanaki bayan mayen ya sake shi, don haka ba ya tabbatar da halin da mutum yake ciki lokacin da ya riƙe sitiyari.

Ingila ta toshe wannan kafa tun a Maris 2015. Ana gwada yawun direba a bakin titi, an ƙayyade adadin sinadarin wiwi a jini, wanda ya haura kuma a hana shi tuƙi aƙalla shekara guda, da yiwuwar ɗaurin wata shida.

Mu nan dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, na da tsauri a kan mallaka da sha, sai dai ba a yi ta don titi ba. Direban da ya gama zuƙarsa ya yar da guntun, babu abin da za a samu a aljihunsa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a rahotonsa na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6. A cikinsu akwai masu jan tirela, da bas, da adaidaita sahun da ke kwaso yaranmu daga makaranta. In haɗari ya auku, sai a ce gudun wuce sa'a ne ko fashewar taya, a yi jana'iza, ba wanda ya ɗebi jinin direban.