A Zaga Sifawa Da Ƙafa, A Faɗi Labarinta Duka

Mutum ya kan tashi daga Sakkwato cikin mota ya nufi Jega, kafin ya gama gyara zama ya iso Bodinga, jim kaɗan ya faɗa Shagari, sai Tambuwal. In ka tambaye shi abin da ya gani a hanya, sai ya ce gonakin gero da dawa, da 'yan talla a bakin tasha. Sifawa kuwa, wadda ke dab da Bodinga, ko waiwayenta ba ya yi. Alhali a wannan ɗan gari ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya zauna daga 1810 zuwa 1815, sa'ad da masu tuta na Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Adamawa duk nan su ke duba.

Abu biyu ni ke nema a yi. Na farko, a riƙa zaga Sifawa da Bodinga da ƙafa, bayan wani ɗan gari wanda ya iya karatu, ya nuna wa yara da baƙi wuraren da abubuwa suka auku. Na biyu, shi wannan ja-gora ya faɗi labarin duka, da zaƙinsa da ɗacinsa. Na farkon ba shi da abokan gaba da yawa. Na biyun ne za a yi jayayya a kansa, don haka a nan zan fi daɗewa.

Bari mu fara sallamar masu cewa wannan yawon banza ne irin na Turawa. Ai tafiya don neman sani ba Bature ya kawo mana ita ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, tana budurwar ilmi a shekarun zaman Sifawa, daga baya ita ce ta naɗa jajoji, ta ba su malfa, su kuwa su ka riƙa ja wa matan ƙauyuka gaba, a ƙasa, zuwa wurinta don ɗaukar karatu. Su ne 'Yan Taru. In tsofaffin mata sun taka sayyada don su ji, me zai hana ƙato ya taka don ya gani? Kuma abin da ƙafa ta ke koya wa mutum littafi ba ya koya masa. Ka karanta cewa Malam Abdullahi yana Bodinga wansa yana Sifawa, sai ka zaci wata uwar tafiya ce tsakaninsu. Ran da ka taka da kanka ka ga kusancin, ran nan za ka gane yadda a ke yin muhawara tsakanin gidajen nan biyu, wannan ya rubuta, wancan ya amsa.

To, mu komo kan ainihin magana. Akwai wata irin ba da labari da ta zama mana jiki, wadda na ke kira labarin maroƙa. Ga yadda ta ke: an haifi Shehu a Maratta a 1754, ya zauna Ɗegel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka ci nasara a Tabkin Kwatto, aka ci Birnin Kabi a 1805, aka ci Alƙalawa a 1808 aka kashe Yunfa, shi ke nan sai duniya ta yi lafiya, kowa ya koma gida yana tasbihi. Duk abin da aka lissafa kafin "shi ke nan" gaskiya ne. Daga nan ne ƙaryar ta fara. In da duniya ta yi lafiya a 1808, me ya sa Shehu ya ƙare shekarunsa na Sifawa yana faɗa da mutanensa?

Domin abin da ya yi ke nan. Yaƙi ya lafa, ganima ta samu, waɗanda jiya su ke kwana da yunwa yau sun zama hakimai da alƙalai. Shehu ya janye jikinsa daga harkar mulki, ya koma ga karantarwa da wallafa, ya kan kuma zauna wa jama'a kowane daren Juma'a. Wa'azin nan kuwa ba Gobirawa ya ke yi wa ba, gama an riga an gama da su. Nasa ya ke yi wa, a kan zaluntar talakawa da cin dukiyar da ba ta halatta ba. Waƙarsa ta Fulatanci wadda Nana Asma'u ta juya da Hausa a 1831, wadda a ke kira Tabbat Haƙiƙa, kashedi ce ga masu riƙon jama'a. Ja-goran da ya tsaya da mutane a Sifawa ya bar wannan bai faɗa ba, ya bar abin da ya sa garin ya cancanci a tsaya.

Sa'an nan ga Malam Abdullahi. Shi ne ya ja rundunar Tabkin Kwatto, ba wanda zai ce masa matsoraci. Amma a 1807, ana cikin yaƙi, ya dubi abin da jama'a su ke zama, ransa ya ɓaci, ya sulale da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas da niyyar ba zai komo ba. Kanawa ne suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda a ke mulki bisa shari'a, kana ya komo. Ba wani maƙiyi ne ya tona wannan ba. Shi da kansa ya rubuta shi cikin Tazyinul Waraƙati a 1813, yana Bodinga, ya kuma faɗi dalilinsa: son mulki da tara dukiya da ado da ƙwaraƙwarai sun shiga zukatan waɗanda suka fito don Allah.

Masu cewa a rufa asiri su kan ce, "Wannan tone-tone ne. Waɗannan bayin Allah ne, mu wane ne da za mu sa baki cikin abin da ya shiga tsakaninsu? Yara za su ji su raina magabata." Ban raina wannan magana ba, gama daga ladabi ta fito, ladabi kuwa abin so ne. Amma ina da tambaya guda. Wa ya ajiye mana labarin? A 1812, shekarar da Shehu ya raba aikin riƙon ƙasa, ya ba Abdullahi yamma ya ba Muhammadu Bello gabas, a shekarar nan ce Bello ya gama Infaƙul Maisuri. Cikin littafin nan ya kwafe wasiƙun Shehu Laminu na Barno, mutumin da ya tuhume su da yaƙar Musulmi, ya ce musu saɓo ba ya mai da mutum kafiri. Bello yana da iko ya jefa takardun nan a wuta, ba mai tambayarsa. Sai ya sa su cikin littafinsa, ya bi su da amsa, ya bar wa na baya su auna. Ashe mu ne za mu fi Bello kishin Bello? Abin da mai gida ya shimfiɗa a zaure, bara ba shi da hurumin ya naɗe shi ya kai ɗaki.

Haka kuma batun Abdussalami, wanda sau da yawa a kan ambaci farkonsa a haɗiye ƙarshensa. Malami ne Ba'are, almajirin Shehu. Garinsa Gimbana ne mayaƙan Yunfa suka faɗa wa, kuma kwance mutanensa da aka yi sa'ad da aka zo wucewa da su ta Ɗegel a ɗaure, shi ne ya hura wutar da ta kai ga hijira. Bayan nasara ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalarsa ba, ya yi ta gunaguni, har aka kira shi Sifawa gaban Shehu. Daga baya ya zauna Kware. Da Shehu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1817 sai ya fito fili ya yi tawaye, aka yaƙe shi, aka ci Kware a farkon 1818, ya gudu da rauni ya mutu a Bakura. Ni ban ce yana da gaskiya ba. Wanda ya karanta yadda ya haɗa kai da waɗanda a ke yaƙi da su zai ga Bello yana da hujja. Amma ƙarar da ya kai ta zalunci ba shi kaɗai ya kai ta ba, kuma a nan ma Bello ne ya adana mana wasiƙunsa cikin Sardul Kalami. Yaron Sifawa ya kamata ya san cewa a garinsu aka yi wannan zama.

Wanda ya iso Bodinga kuma lalle a gaya masa daga nan ne Abdullahi ya hau ya nufi Sakkwato da ya ji rasuwar wansa, ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an rufe ƙofa. Ya juya ya tafi Gwandu. Shekaru suka shuɗe ba su jituwa, sai da sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina suka ƙi Abdullahi, Bello ya kawo masa gudunmawa, aka ci garin, kana baffa da ɗa suka shirya. Harshe da haƙori ma su kan saɓa. Ina abin raini a nan? In ka ɓoye wa yaro rufe ƙofar, ka hana shi sanin girman shiryawar, gama ba a gane sulhu sai an san faɗan.

Shagari tata rawar daban ce. A nan ne, cikin Maris 1903, rundunar Ingilishi da ta fito daga Kano ta haɗu da wadda ta fito daga Argungu, suka ɗunguma zuwa Sakkwato, aka yi karon Giginya ran 15 ga wata, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har ya faɗi a Burmi cikin Yuli. Watau ta ƙasar nan tamu aka bi aka je aka rushe abin da aka tsara a Sifawa. A garin kuma aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, malamin makaranta, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 har soja suka tuɓe shi a ranar ƙarshe ta 1983, ya rasu a 2018 aka rufe shi a nan. Shi ma, tun kafin ya hau, ya haɗa kai da Jean Boyd sun wallafa ɗan littafi a kan shugabancin Shehu Usmanu a 1978.

Akwai wuri guda da na tabbata za a ce in bari, shi ne Satiru, mil 14 kudu da Sakkwato, wajen Dange da Dancadi. Cikin Fabrairu 1906 mutanen ƙauyen nan, talakawa da bayin da suka gudo, suka bi Malam Isa da Ɗan Makaho bisa da'awar Mahadi, suka kashe Turawa uku da dakarunsu da dama, da gatura da fartanyu. Ran 10 ga Maris aka komo musu da bindiga mai ruwa, mahayan Sarkin Musulmi suna tare da Turawa. An kashe wajen mutum 2,000, aka rushe garin, aka hana sake gina shi. Wannan labari ba ya yi wa kowa daɗi. Bature bai fita da hannu mai tsabta ba, sarakuna ba su fita ba, su kansu mutanen Satiru sun taɓa maƙwabtansu kafin a taɓa su. Don haka ne aka fi son a yi shiru. Amma mutum dubu biyu ba allura ba ce da za ta ɓace cikin rairayi a ce ba a gani ba.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gane wannan. A Afirka ta Kudu, a tsibirin Robben inda aka tsare Mandela shekara 18, an sa waɗanda suka taɓa zaman kurkukun su zaga da baƙi. A Gana a kan shiga da mutane har cikin ɗakunan da a ke tara bayi a Elmina. Ba su ce abin kunya ne a toshe ƙofa ba, ba kuwa wanda ya raina su don sun nuna.

Amma fa akwai irin ja-goran da ba mu so, kuma shi ne ya fi saurin fitowa da zarar an ji ƙamshin kuɗi. Shi ne wanda zai nuna maka kowace tsamiya ya ce Shehu ya sha inuwarta, kowane dutse ya ce akwai sawun dokin wane, in ya ga ka buɗe baki ya ƙara gishiri, in ya ga ka taɓa aljihu ya ƙara yaji. Wannan ya fi mai shiru ɓarna, gama mai shiru rami ya bari, shi kuwa ya cika ramin da shara. Maganinsa ku ne, ya ku 'yan'uwa da kuka sauke karatu a ajin yaƙi da jahilci. Kun iya karatu, kun iya rubutu, kuma ku 'yan ƙasa ne, tsofaffi ba su jin nauyin yi muku magana kamar yadda su ke ji da baƙo mai takalmi da jaka. Ku nemi izinin hakimi da liman. Ku zauna da dattawa, maza da mata, ku rubuta abin da suka ji daga kakanninsu, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Sa'an nan ku gwada shi da abin da ke cikin littattafai, irin su Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. In kuna gaban baƙi ku rarrabe musu: wannan a rubuce ya ke, wannan kuwa ji muka yi. Ginin ƙasa ba ya jiran kowa, kowace damina tana cin rabonta, tsoho kuma in ya tafi ya tafi da abin da ke cikin kansa.

Ga hukumomin Bodinga da Shagari kuwa, abin da a ke nema wurinsu bai kai kuɗin rijiya guda ba. A kafa alluna a wuraren da dattawa da malamai suka haɗu a kan ingancinsu, a rubuta da boko da ajami. A yanka wa ja-gora lada sananne don kada ya zama maroƙi. A sa makarantu su fito da yara da sassafe lokacin ɗari, bayan an kau da amfanin gona, su tashi daga Sifawa su ƙare a Bodinga kafin rana ta take.