Tsibin Dawa a Doka da Darasin da Ake Haddacewa

Duk wanda ya bi hanyar Gadarif zuwa Gallabat a Sudan bayan girbi, ya ratsa Doka, zai ga dawa tsibi-tsibi a gonaki tana jiran buhu. Wani tsibin ya fi wani tsawo, wannan yana gabas wancan yana yamma, amma gangarensu kusan ɗaya ne, domin busasshiyar ƙwaya tana da iyakar tudun da take iya tsayawa a kai. In aka ƙara mudu guda, sai ta zame. A nan ya kamata malamin lissafi ya fara darasin da ɗaliban jami'a suka saba haddacewa a makance, wato kawar da lambobin ganin-dama daga dangin siffofi domin a fito da dokar da ta haɗa su.

Tsibi yana da lambobi uku da mai zuba hatsi ya zaɓa: a da b, wurin da ya zuba, sai h, tsawon ƙololuwa. A kira tsawon tsibin a kowane gurbi z, a auna yadda yake sauyawa in an matsa gabas, p, da in an matsa arewa, q. Da an ninka kowanne da kansa aka tara, a da b da h duk sun ɓace, abin da ya rage shi ne p² + q² = k², inda k yake gangaren dawar. Abin da mutum ya zaɓa ya fita, halin ƙwayar ya zauna. Gaspard Monge na Faransa da siffa ya koyar da wannan fanni a littafinsa na 1807. Me zai sa a mayar da shi hadda?

Za a ce tsibin gaske ba ya zama daidai: iska ta karkatar da shi, raɓa ta sa ƙwaya ta manne. Haka ne, amma wannan ƙorafi dalili ne na fita gona, domin sai ɗalibi ya auna gangaren dawa da na riɗi ya ga sun bambanta zai gane cewa k ba ya cikin lambobin da ake kawarwa. Wasu kuma za su ce tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 karatu ya tagayyara a Sudan, ina ake ta irin wannan? To, darasin nan igiya da sanda kawai yake nema. Ɗalibin Jami'ar Gadarif da ya zagaya gindin tsibi da igiya, in ya san k, zai fitar da tsawonsa, ya ƙiyasta buhu nawa ke ciki tun kafin dillali ya yi tayi.