Ashe Shaihu Umar ma Sai an Aiko Mana daga Jamus?

Akwai wani abokin karatuna da ya cika akwatin ƙarfe da faya-fayan tsofaffin finafinai. Wasu kawunsa ya aiko masa daga Landan, wasu ya sa aka sayo a Dubai, kuma duk wanda ya shiga ɗakinsa sai ya sha labarin wahalar da aka yi kafin a samo kowane ɗaya. Yana da Mother India na 1957, yana da Sholay na 1975, yana da duk abin da Bruce Lee ya yi kafin mutuwarsa a 1973. Ran nan na ce masa, "Malam, ara mini Shaihu Umar." Ya dube ni galala, ya ce ai wannan littafi ne, in tafi laburare.

Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin da yawanmu haka za mu amsa. To, ga labarin. Littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta don gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, shi ne Alhaji Adamu Halilu ya mayar fim da Hausa a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Fim ne na sama da awa biyu, a kan bauta da fataucin bayi ta hamada, da uwar da ta bi sawun ɗanta har Arewacin Afirka. Daga baya ya yi ɓatan dabo, har aka fid da rai. Sai a 2016 aka gano shi cikin ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Jos. Wa ya gyara shi? Cibiyar Arsenal ta birnin Berlin. A can aka nuna shi a bikin finafinai na 2018, a can kuma aka buga shi a faifai. Wato ɗan Hausa da ke son ya ajiye wannan fim a ɗakinsa, sai ya bi hanyar da abokina ke bi wajen samo na Indiya, ya nemi kuɗin Turai, ya jira mai zuwa. Tir!

Kada wani ya ce ina zagin Jamusawa. Wanda ya tsinci kayanka a juji ya wanke ya cancanci godiya. Mai kayan ne ya kamata ya sunkuyar da kai. Zaren fim ba dutse ba ne. In zafi da laima suka same shi sai ya fara warin tsami, ya manne, ya ruɓe, kuma in ya ruɓe babu bokan da zai tashe shi. Shekara arba'in Shaihu Umar ya yi a cikin gwangwani, mu kuwa muna ta bukukuwan raya al'adu da kalankuwa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na gida. Ni ɗan Dodoru ne ta ƙasar Gwandu. Wannan Adamu Halilu ɗin ya yi wani fim a ƙarshen shekarun 1970 mai suna Kanta of Kebbi, a kan Muhammadu Kanta, mai birnin Surame, wanda ya tsaya wa rundunar Songhai a ƙarni na 16. Na tambaya a shagunan masu tura finafinai daga Kalgo har Birnin Kebbi, kowa sai ya miƙo mini fassarar Indiya. Kakana ya kan ba mu labarin majigi, yadda mota ke zuwa a kafa farin ƙyalle a nuna Baban Larai don koyar da noman auduga. Shi da bai yi boko ba ya ga Bahaushe a allo tun zamanin Turawa. Ni jikansa ɗan jami'a ban taɓa ganin Kanta ba.

Na san masu cewa talaka na fama da yunwa, wa ke ta fim? Su ne kuma ke cika ɗakin kallon ƙwallo duk Asabar. Wasu kuma su ce ai ga finafinan Kano sun wadatar, alhali kuwa Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa na farkonsu, a 1990 ya fito, kuma shi ma ku je ku nemo kaset ɗinsa mai kyau ku gani.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, waɗanda ba su rasa kuɗin hayar makaɗa ranar bikin al'adu: ku sayo faifan Shaihu Umar, ku nemi izinin nuna shi a babban zaure, ku gayyato malaman Hausa da na Tarihi. Sa'an nan ku rubuta wa hukumar da ke Jos takarda da sa hannunmu, ku tambayi inda Kanta of Kebbi yake da halin da yake ciki. 'Yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati kuma, musamman na ma'aikatun al'adu da watsa labarai, ku leƙa ɗakunan ajiyar da aka garƙame tun kafin a ƙirƙiro jiha a 1991, ku shinshina ko za ku ji warin tsami. Abokina kuwa ya yi alkawarin rubuta wa kawunsa, ni kuma na ce zan biya rabin kuɗin.