Rashin Paparoma Bai Buɗe wa Kowa Ƙofa Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu yabon addinin Hindu, a Indiya da wajenta. Cewa suke yi tun da addinin ba shi da Paparoma, ba shi da majalisar malamai guda mai yanke wa jama'a abin da za su yi imani da shi, ba shi kuma da littafi ɗaya tilo, to shi ne gidan 'yancin bincike, inda kowa zai yi tambayar da ya ga dama ba tare da fargaba ba. Swami Vivekananda ya kai wannan hoto taron addinai na Shikago a 1893, sannan Radhakrishnan, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Indiya, ya ƙara masa kwarjini a laccocinsa na Ingila a 1926. Ni dai ban gamsu da maganar ba. Rabinta gaskiya ne, amma rabin da ake rufewa ya fi wanda ake nunawa nauyi, domin a cikinsa ne rayuwar miliyoyin mutane take.

Rabin gaskiyar ba abin musu ba ne. Falsafar Vedanta ta tsayu ne a kan littattafan Upanishad da Bhagavad Gita da kuma Brahma Sutra, wanda ɗan littafi ne mai gajerun jimloli da ba a fahimtarsu sai da sharhi. Shankara, wajen ƙarni na 8, ya yi sharhinsa ya ce a haƙiƙa ran mutum da Brahman, asalin dukkan samuwa, abu ɗaya ne. Ramanuja ya zo bayan kamar shekara ɗari uku ya ce a'a, rayuka da duniya na haƙiƙa ne, suna dogare da Ubangiji kamar yadda jiki ke dogare da rai. A ƙarni na 13 Madhva ya ce duk su biyun sun kauce, bambancin bawa da Ubangijinsa har abada ne. Littafi ɗaya, karatu uku masu karo da juna, kuma babu wata kujera da ta iya korar ɗayansu daga addini. Ƙa'idar rubutunsu ma abin sha'awa ce: sai malami ya fara kawo hujjar abokin hamayya da ƙarfinta kafin ya rushe ta. Wanda ya raina wannan gado bai san shi ba.

Sai dai muhawarar tana da katanga biyu. Ta farko ita ce Veda, tsofaffin nassosin addinin. Shankara da kansa ya yi bayani cewa hankali kaɗai ba shi da matsaya a kan al'amarin Brahman, domin duk hujjar da wani mai kaifin basira ya kafa, wanda ya fi shi zai zo ya ture ta, saboda haka dole hankali ya bi bayan nassi. Wanda ya ƙi amincewa da Veda ya fita daga da'irar. 'Yan mazhabar Charvaka, waɗanda suka musanta lahira da sake haihuwa da ikon limamai, littattafansu na asali sun ɓace, kusan duk abin da aka sani game da su a yau daga alƙaluman abokan gabarsu aka tsinto shi.

Katanga ta biyu ta fi tsayi, kuma ita ce masu yabo ba sa son a taɓo. A cikin Brahma Sutra ɗin nan akwai sashe guda da aka keɓe don tambayar ko ɗan ajin Shudra, wato aji na huɗu na masu hidima, ya cancanci neman sanin Brahman ta hanyar Veda. Amsar Shankara ita ce bai cancanta ba, domin ba a yi masa bikin rataya zare mai tsarki, wanda shi ne izinin shiga karatu. Har ya kafa hujja da tsofaffin littattafan shari'a da suka tanadi narka dalma a zuba a kunnen Shudran da ya saurari karatun Veda. Ramanuja, wanda ya saɓa wa Shankara a kusan komai, a nan bakinsu ɗaya. Gaskiya ne Shankara ya bar ƙaramar kafa, ya ce irin waɗannan mutane za su iya samun sani ta hanyar labaran Mahabharata da Purana. Amma abin lura shi ne mutumin da ya koyar cewa rai ɗaya ne a cikin kowa, shi ne kuma ya tsare ƙofar makaranta da ma'aunin haihuwa. Idan Shudra ke nan, ina ga waɗanda ke ƙasa da shi, waɗanda ake ƙyamar ko inuwarsu? Mata ma, in aka cire tsiraru irin su Gargi da aka ambata a Upanishad, a bayan katangar suka zauna. Muhawarar da ake alfahari da ita ta gudana ne a zauren da mafi yawan mutanen gari ba su da izinin ko leƙawa.

Kuskuren masu yabon shi ne ɗaukar cewa iko ba ya danne mutum sai ya taru a hannu ɗaya. A Indiya ikon ya watsu ne cikin majalisun dangi da limaman ɗakunan bauta da shugabannin cibiyoyin sufaye irin na Sringeri da Puri, kuma makaminsa shi ne yanke mutum daga ajinsa. A 1888, lokacin da Gandhi yana saurayi zai tafi Landan karatun lauya, dattawan danginsa na Modh Bania suka kira shi a Bombai suka ce addini ya hana tsallaka teku. Da ya ƙi janyewa, shugabansu ya ayyana shi korarre, ya kuma sa tarar rupi ɗaya da anna huɗu a kan duk wanda ya taimake shi ko ya raka shi bakin jirgi. Bayan ya dawo a 1891, sai da wansa ya kai shi Nasik ya yi wankan tsarki a kogi, aka kuma ciyar da dangi a Rajkot, kafin ɓangare ɗaya ya karɓe shi. Ɗaya ɓangaren ya ƙi, har ta kai ko ruwa ba ya sha a gidan surukansa. Wannan ɗan gidan waziri ne. Talakan da aka yi wa haka ba ya samun mai aurar 'yarsa, ba mai ɗaukar gawarsa, kuma babu wata kotun addini ta sama da zai kai ƙara, tun da babu ita.

Za a ce ai maganin cutar a cikin Vedanta ɗin yake, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. A wannan shekara ta 1888, Narayana Guru, ɗan ajin Ezhava da ake ƙasƙantarwa a Kerala, kuma mabiyin koyarwar Shankara, ya ɗauko dutse daga kogin Neyyar ya kafa shi a Aruvippuram a matsayin alamar abin bautarsu Shiva, aikin da aka keɓe wa Birahmanai, ajin limamai, kaɗai. Ya ɗauki koyarwar kaɗaitakar rai da gaske fiye da masu gadonta. Amma labarinsa hujja ce a kan masu yabon, domin ƙwatar 'yancin ya yi, ba a ba shi ba. Kuma ɗakunan bautar masarautar Travancore ba su buɗe wa kowa ba sai bayan zaman dirshan na Vaikom a 1924 da 1925, sannan da umarnin sarki a 1936. Ambedkar, jagoran waɗanda ake ƙyamar taɓawa, wanda ya jagoranci ƙona littafin shari'ar Manu a Mahad a 1927, ya rubuta jawabi kan rushe tsarin aji a 1936, masu gayyatarsa a Lahore, waɗanda su kansu 'yan gyara ne, suka nemi ya cire sukar da ya yi wa nassoshi, ya ƙi, aka fasa taron. A 1956 ya bar addinin ya shiga na Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiya a Nagpur. Abin da ya haramta ƙyamar taɓa mutum a hukumance shi ne sashe na 17 na tsarin mulkin 1950, wato doka daga cibiya, irin abin da ake cewa rashinsa ne ni'ima.

Wasu kuma na cewa takurawar da ake gani yau baƙuwa ce, kwaikwayon Turawa ne da siyasar kishin Hindu suka haifar. Lallai ƙungiyar Vishva Hindu Parishad, da aka kafa a 1964, sabon yunƙuri ne na tara muryoyin addinin a wuri guda, kuma sashe na 295A na tsohuwar dokar laifuffuka, mai hukunta ɓata ran mabiya addini, Turawan mulki ne suka kafa shi a 1927. Sai dai salon aikin tsoho ne: babu mai fatawa guda, kowane gungu na iya naɗa kansa mai gadi. A 2011 Jami'ar Delhi ta cire maƙalar A. K. Ramanujan daga manhajar tarihi, laifinta kawai ta nuna cewa labarin Ramayana yana da ruwayoyi masu yawa da suka saɓa wa juna, wato ainihin yalwar da ake tutiya da ita. A 2014 kamfanin Penguin na Indiya ya amince ya janye littafin Wendy Doniger kan tarihin Hindu bayan ƙarar da wata ƙungiya ta shigar, tun kafin kotu ta yanke hukunci. A Agustan 2013 aka harbe likita Narendra Dabholkar, mai yaƙi da camfi da 'yan damfarar addini, yana tattakin safe a Pune. Bayan shekara biyu aka harbe Farfesa M. M. Kalburgi, masanin rubuce-rubucen mabiya Basava, wani mai gyaran addini na dā, a ƙofar gidansa a Dharwad. Dokar hana tsafe-tsafen cutarwa da Dabholkar ya shafe shekaru yana nema, gwamnatin Maharashtra ba ta fitar da ita ba sai 'yan kwanaki bayan kisansa, kuma sai a 2024 kotu ta ɗaure mutum biyu rai da rai a kan jininsa.