Kafin mu yaba wa mai ƙera bindiga a gida

Ƴan uwa matasa, akwai wani nau'in bidiyo da ke yawo a salulolinmu, wanda ake ganin Bature a garajin gidansa yana haɗa bindigar farauta da hannunsa, mai baki biyu: ɗaya na watsa ƙwayoyin dalma don harbin tsuntsu, ɗayan na harsashi guda mai cin dogon zango don babbar dabba. Mai kallo sai ya ce: "Kai! Ai maƙeranmu ma za su iya." Ni ma na san za su iya yin abin da ya yi kama da ita. Amma ra'ayina shi ne, bindigar ba ita ce abin koyi ba a cikin wannan lamari. Abin koyi shi ne tsarin da ke kewaye da ita, wanda bidiyon ba ya nunawa.

Mu fara da asalinta. Irin wannan bindiga ta fi suna a Jamus da Ostiriya. Har akwai mai baki uku da suke kira Drilling, biyu na ƙwayoyi, ɗaya na harsashi a ƙarƙashinsu. Garin Suhl a Jamus da garin Ferlach a Ostiriya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ƙera bindigogi. Dalilin ƙirƙiro ta a fili yake: maharbi ya shiga daji bai san abin da zai tarar ba, ko zomo, ko agwagwar ruwa, ko aladen daji, kuma ba ya son ɗaukar bindiga biyu. A Amurka ma a da kamfanin Savage ya shafe shekaru yana sayar da ƙarama mai suna Model 24, wadda manoma suka so.

To me ya sa take da tsada, kuma ake ɗaukar maƙerinta gwani? Saboda bakin harsashi guda na ɗaukar matsin da ya ninka na bakin ƙwayoyi sau huɗu ko fiye, alhali an haɗa su a jiki ɗaya, kusa da fuskar mai harbi. Ƙarfe yana iya yin kyau a ido, a cikinsa kuwa akwai tsaga da ba mai gani. Ran da ya gaza, ba ya yin sallama. Yatsu ke tafiya, ko ido, ko rai.

Turawa sun sha wannan wuya tun da daɗewa, shi ya sa suka kafa gidajen gwaji. A Birmingham ta Ingila an buɗe ɗaya tun 1813. A 1914 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta gwajin bindigogi a birnin Liyej na Beljiyam. A ƙasashen da ke cikinta, ba a sayar da bindiga sai an harba ta da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, an duba ta, sannan a buga mata hatimi. A Jamus kuwa, kafin a ba mutum izinin farauta sai ya ci jarrabawa a kan dabbobi, doka da riƙon makami, jarrabawar da su kansu ke kuka da wuyarta. A Amurka dokar tarayya ta bar wanda ba a haramta wa makami ba ya ƙera don amfanin kansa, amma wasu jihohi, kamar Kalifoniya, sun tilasta a sa mata lamba. Ka ga ke nan ko mutumin cikin bidiyon ba a sarari yake rataye ba. Doka na bayansa, likita na kusa da shi, ƙarfen da ya saya an san ingancinsa.

Yanzu mu dawo gida. Ƙera bindiga ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Adaka da harba-ka-ruga mun san su, kakanninmu sun yi farauta da su, ana buga su a hawan sallah. Amma a da maharbi yana ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, maƙeri yana ƙarƙashin Sarkin Maƙera. An san wa ya ƙera, an san wa ya saya, an san lokacin da ake shiga daji. Wannan ma tsari ne, irin namu. Yau wancan tsarin ya yi rauni, na zamani kuma bai kai ƙauye ba. A tsakanin biyun ne yaro mai injin walda da salula zai ce bari ya gwada. Wa zai gwada masa ƙarfen? Wa zai rubuta sunansa? Ba kowa.

Sannan ina tambaya: me za a harba? Bindigar Jamus an yi ta ne don dajin da ake ƙidaya dabbobinsa, a ce bana ga adadin da za a kashe. Mu namu dajin ya kusa ƙarewa. Mariri ya ɓace daga dajinmu. Raƙuman dawan Kure sun ragu har zuwa 49 a 1996, sai da aka tsaya tsayin daka suka farfaɗo, har a 2018 aka kwashi wasu zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Muna da dokar farauta da kare namun daji tun 1998, wadda ta ɗora farauta a kan izini. Bindigar da ke kashe zabon daji da barewa a fita ɗaya, in ta yawaita ba lissafi, jikokinmu sai dai su ga barewa a hoto.

Na san amsar da wasu za su ba ni, kuma ba na raina ta. Za su ce: "Kai kana birni kana maganar barewa, mu a yankin Madarunfa da Gidan Runji ana sace mana shanu da mutane." Gaskiya ne, wallahi. Wanda aka shiga gidansa da dare ba za ka karanta masa doka ya saurara ba. Amma mu dubi abin da ido. Ɓarayin dajin nan da kalashinkof suke zuwa. Bindigar farauta mai harbi biyu a tsaya a ɗura ba za ta tare su ba, sai dai ta ba mai ita ƙarfin halin da zai kai shi ga halaka. Kuma mun ga abin da ya faru a Zamfara, ƙetaren iyaka kaɗan: ƴan sa kai sun tashi da bindigogin gida don kare kai, ramuwar gayya ta biyo baya, wutar ta ƙara ruruwa. Bindigar da aka ƙera don ɓarawo ba ta komawa maƙera in ɓarawo ya tafi. Tana nan a ɗaki har ranar rikicin gona, ko faɗan manomi da makiyayi, ko ranar da yaro zai ɗauka da wasa. Tsaron ƙauye haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma can ya kamata mu kai ƙorafinmu da babbar murya.

Ban ce a bi maƙera da kamu kawai ba. Kamu shi kaɗai yana tura sana'a cikin duhu ne, ba ya kashe ta. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 kan ƙananan makamai ta buƙaci kowace ƙasa ta yi rajistar masu ƙera makamai na cikin gida. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma hikimar wannan tanadi ba ta fice ba. Muna da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai tun 1994. Mu ne muka ƙona makamai a Agadas a 2000, a bikin wutar zaman lafiya. Ba mu rasa tarihi ba, ba mu rasa hukuma ba.

Abin da nake so mu nema a fili shi ne: a zauna da sarakunan maƙera da na maharba a yi rajista ba tare da barazana ba. Bindigar maharbi ta samu lamba da takarda. Kuma a buɗe wa masu wannan basira wata ƙofa. Hannun da ya iya daidaita ƙarfe har ya riƙe wuta, zai iya ƙera famfon ban ruwa, garmar shanu, injin casar gero, kayan gyaran babur. Waɗannan muna sayo su daga waje da kuɗi masu yawa, alhali masu iyawa na zaune a unguwanninmu.

Ku kuma ƴan uwa, in irin wannan bidiyo ya zo muku, ku kalla ku yaba gwaninta in kuna so, amma kada ku tura wa ƙaninku mai walda kuna zuga shi. In bututun ya fashe, Baturen ba zai zo dubiya ba. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya.