RA'AYI: Ƙasar Lambun Lemo Amana Ce

Kowa ya san cewa lemon da ake sayarwa a Ikko da Badun da Anaca, da yawansa daga Jihar Binuwai yake fitowa, daga wajejen Gboko da Vandeikya da Ushongo, wani kuma daga gonakin ƙasar Yarbawa. Sari da dako da talla a bakin titi, duk akwai hannun 'yan Arewa a ciki. Amma akwai waɗansu 'yan ci-rani da aikinsu yake cikin lambun kansa, watau waɗanda mai gona ke bai wa aron filin da ke tsakanin itatuwa su noma abin kansu kafin lemo ya girma. Wannan magana tasu ce.

Ana dasa lemo ne da tazarar wajen mita 7, kuma wanda aka yi wa aure sai ya shekara 3 ko 4 kafin ya soma 'ya'ya. A cikin waɗannan shekaru fili yana nan sarari. In an bar shi tsirara, ruwan Kudu mai ƙarfi ya wanke shi, rana ta gasa abin da ya rage. Don haka shuka a tsakani alheri ne ga mai gona da mai aro. Sai dai ba kowace shuka ce ta dace ba.

Wake da gyaɗa suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda waɗansu ƙwayoyin halitta ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, shi ne wanda manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya. Agushi kuwa yaɗo yake yi ya rufe ƙasa, ya danne ciyawa, ya tsare laima. Amma rogo yana tsotse ƙarfin ƙasa, yana yi wa ƙaramin dashe inuwa, ran tono kuma a tsinka saiwar lemo, domin saiwar da yake ci da ita kusa da sama take. Saboda haka a bar fili kewaye da kowane gindi, kada fartanya ta yi zurfi, harawa kuma kada a ƙone ta ko a sayar da ita duka, a shimfiɗa ta a ƙasa ta ruɓe.

Sai batun ban ruwa da rani. Wanda ya saba da fadama yakan ɗauka yawan ruwa shi ne gata. Ga lemo ba haka ba ne. Ruwan da aka malala yana kwashe taki ya nutsar da shi inda saiwa ba ta kaiwa, in kuwa ya kwanta a gindi sai ciwon da ke sa ɓawo ya tsage yana zubar da danƙo ya kama itacen. Ban ruwa na ɗigo, ta siririn bututu, ya fi tsimi nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da halin sayensa, ya binne tulun da ba a shafe ba daidai inda inuwar rassa ta tsaya, ya cika shi ya rufe. Sai dai a sani, inda ruwa ke jiƙawa nan saiwa ke taruwa, don haka nan ne za a sa taki.

Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Badun a 1975, ta daɗe tana gwaji kan haɗa lemo da waɗansu amfanin gona. Ya kamata sarakunan Hausawa na Sabo da shugabannin 'yan lemo su nemi malamanta su zo su yi wa jama'a bayani da Hausa.

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Baƙon da ya mayar da gona a gajiye ya rufe wa na bayansa ƙofa, wanda kuwa ya mayar da ita da ƙarfinta, mai gona ne da kansa zai neme shi baɗi. Allah ya sa a gane.