Ra'ayinmu: Kada A Raba Darasin Kwamfuta Da Na Zane

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin ilimin kwamfuta a ƙananan makarantunmu na sakandare ya san yadda ake koyar da tarihinta. Malami ya jera zamunanta a allo, na ɗaya har na biyar, yara su kwafa, su haddace, su juye a takardar jarrabawa, su manta. Can ƙarshen jadawali kuma ga darasin zane-zane a raɓe, wanda shi ake fara yankewa duk lokacin da ake neman ƙarin sa'a don lissafi ko Turanci. A ganinmu waɗannan biyu ciwo ɗaya ne, kuma tarihin da muke sa yara su haddace shi ne shaida a kanmu.

Katin da ake hudawa don ba inji umarni daga masaƙa ya fito. A 1804 Joseph Jacquard na Faransa ya kammala injin saƙa mai bin ramukan kati yana fitar da ado a jikin yadi. Wannan dabara Charles Babbage na Ingila ya ara don injin lissafinsa, har Ada Lovelace ta hango a 1843 cewa irin wannan inji zai iya tsara kiɗa wata rana. Yaron da ya tashi yana kallon mai ɗinkin hula yana ƙirga zare gida-gida ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Mu ne dai ba mu taɓa nuna masa dangantakar ba.

Haka ma wasannin kwamfuta, waɗanda kullum muke ƙwace wayoyi saboda su. A 1962 Steve Russell da abokansa suka ƙirƙiri Spacewar! a jami'ar MIT ta Amurka, ya zama hanyar nuna abin da sabuwar na'urar PDP-1 za ta iya yi. A 1984 Alexey Pajitnov ya yi Tetris a Mosko, a kan kwamfutar da ba ta iya nuna hoto ko kaɗan, sai ya gina tubalansa da alamomin rubutu. Mario kuwa, wanda da wuya a sami ɗalibin da bai san shi ba, gashin bakinsa da hularsa ƙarancin kayan aiki ne ya haife su: ɗigogin hasken allo ba su isa a zana baki da suma yadda ya kamata ba, sai Shigeru Miyamoto ya rufe su. Shi Miyamoto ɗin zanen kayayyaki ya karanta a Japan, kuma matakan Super Mario Bros. na 1985 a kan takarda mai gida-gida aka fara zana su da hannu kafin a shigar da su na'ura. A 2012 gidan adana zane-zanen zamani na birnin New York, wato MoMA, ya sa wasanni 14 cikin taskarsa, har da Tetris da Pac-Man.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce yaro ya kwana yana latsa waya ba, ba kuma mu yafe wa masu hakkin samar da na'urori da wutar lantarki ba. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, alhali muna da ɗaliban da sai ana gab da ita suke fara ɗora yatsa a kan na'urar. Wannan koke yana nan, ba za mu gaji da kai shi ba.

Amma kafin na'urori su iso, littafin lissafi mai gida-gida yana cikin jakar kowane ɗalibi. Muna kira ga malaman kwamfuta da na zane su haɗa darasi ko sau biyu ne a zango mai zuwa: yara su zana raƙumi ko tulu a cikin gidaje 16 tsaye 16 kwance, su ba kowane launi lamba, sannan wani ya sake fitar da hoton daga lambobin kaɗai ba tare da ya ga na asali ba. Abin da kwamfuta take yi da hoto ke nan. Shugabannin makarantu kuma muna roƙonsu su bar wa darasin zane sa'arsa. Wakilan reshe za su gabatar da wannan batu a zama na gaba, kuma duk malamin da ya gwada, ya aiko mana da abin da yaransa suka zana.